Cin Abinci a Istanbul: Jagora Ga Mai Zuwa Sari Ko Ziyara

Mutanenmu da ke zuwa sarin kaya Istanbul sukan dawo da magana iri ɗaya: kayan Turkiyya akwai kyau, amma abincinsu lami ne, ga tsada. In ka bi diddigi sai ka tarar mutum ya yi mako guda tsakanin unguwannin Laleli da Aksaray, da safe shayi da burodin otal, da rana shawarma a tsaye, da dare ya jiƙa garin kwaki ko ya ɓalli kilishin da ya taho da shi. Ranar da ya ce bari ya ɗan more, sai ya faɗa hannun masu tare baƙi a bakin titi, a kawo masa busasshen nama, a biyo shi da lissafi mai tayar da hankali. Abin nan yana damuna ƙwarai, domin abinci mai kyau yana nan a lungunan bayan shagunan da kake sari, kuma teloli da 'yan dako da masu shago suna cinsa kullum da kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Sawun waɗannan mutane za ka bi, ga kuma yadda ake binsa.

Mataki na farko: shirin da za ka yi tun a otal

Fara da koyon karanta allon gidajen abinci. Rubutunsu na boko ne, haruffa kaɗan ne suka saɓa da namu: ç ita ce c tamu ta "ci", ş ita ce sh, c tasu kuwa j ce. Da wannan za ka faɗi sunan abinci a gane ka. Kalmomin da za su yi maka aiki ba su da yawa: çorba shurba ce (romo), pilav shinkafa, et nama, tavuk kaza, balık kifi, ekmek burodi, su ruwa, acı mai yaji. "Ne kadar?" shi ne "nawa ne?", "hesap lütfen" kuma a kawo lissafi.

Ka riƙe lira a hannu, har da ƙananan takardu. Yawancin gidaje suna karɓar kati, amma mai turo amalanken simit (zoben burodi mai riɗi) da mai shayin lungu tsabar kuɗi suka fi so, tukwici ma da hannu ake bayarwa. Ka sayi katin hawa mota na Istanbulkart a injin tasha, shi ne na taram (ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari) da bas da jirgin ruwa duka. Taram mai lamba T1 ya ratsa Aksaray, Laleli, Beyazıt, Sultanahmet, Sirkeci, Eminönü har Karaköy, kuma kusan duk wuraren da zan ambata suna kan wannan layi ko kusa da shi.

Sai tambaya. Matambayi ba ya ɓata, amma fa sai ya san wanda zai tambaya. In ka ce wa ma'aikacin otal ya nuna maka gidan abinci mai kyau, zai tura ka inda yake ganin baƙi suna so, wani lokaci ma inda yake da kamasho. Yaron shagon da ke ɗaure maka kaya za ka tambaya, ko ma'aikacin ofishin kago, ko telan da ke bayan shago. Kada ka ce "ina ne mai kyau", ka ce "ku a ina kuke ci?" Da Turkanci: "Siz nerede yiyorsunuz?" Sau da yawa ba kwatance zai yi maka ba, takalminsa zai sa ya kai ka har ƙofa. In taswirar waya za ka bi, rubuta "esnaf lokantası" (gidan abincin 'yan kasuwa) ko "ev yemekleri" (girkin gida), ka duba ko masu yabon da Turkanci suka rubuta. Gidan da duk yabonsa na baƙi ne, to na baƙi ne.

Mataki na biyu: gane gidan tun daga waje

Esnaf lokantası shi ne gidan abincin 'yan kasuwa da masu sana'a. Kamar dai yadda a Kantin Kwari kowane layi ya san matar da tuwonta ba ya kwana, haka kowace unguwar kasuwanci a Istanbul take da nata. Masu cin nan su ne na jiya, su ne na gobe, saboda haka mai gidan ba ya iya yi musu algus ko ya tsawwala farashi. Ranar da ya gwada, zance ya zaga kasuwa.

Alamominsa a fili suke. Daga bakin ƙofa za ka hango dogon kanta mai gilashi, an jera manyan tire na ƙarfe a kan ruwan zafi, kowanne da irin miyarsa, wani dattijo da farar riga yana tsaye da ludayi. Tebura ƙanana ne, a matse, kowanne da kwandon burodi da ɗan kwanon dakakken barkono. Ba hotunan abinci masu ƙyalli, ba takarda mai harsuna shida, kuma babu wanda zai tsaya a titi yana ce maka "my friend" ko "hajji, tafaddal". Wanda kujerunsa ke cika da kansu ba ya ɗaukar mai kiran kasuwa. Wannan alama ɗaya ta fi sauran ƙarfi a wurina.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Da safe ake ɗora tukwane, a sauke wajen ƙarfe 11 da rabi, kuma abin da aka dafa ke nan na ranar. Tsakanin 12 da 1 da rabi komai sabo ne. Bayan ƙarfe 3 sai ragowa, wasu gidajen ma kafin magariba sun rufe, da yawa kuma ba sa buɗewa ran Lahadi, ranar da babbar kasuwar Kapalıçarşı take hutu. Ran Juma'a da an sallame ake cika, don haka ko ka ci kafin masallaci ko ka ɗan jinkirta. Ka mai da abincin rana babban cinka, na dare ya zama mai sauƙi.

Mataki na uku: a gaban kanta

Nan ne baƙo ke rikicewa, alhali nan ne ya fi sauƙi. Za a ce maka "buyurun", wato bismillah. Kada ka wuce ka zauna kana jiran takarda. Je ka gaban gilashin, ka gai da mai ludayin, ana kiransa usta, ka duba tukwanen a tsanake, ka nuna da yatsa. A wasu gidajen tire za ka ɗauka ka bi layi ka biya a ƙarshe, a wasu kuma in ka nuna sai ka zauna a kawo maka. Dubi wanda ke gabanka ka yi yadda ya yi.

Riƙe kalmar "az", ma'anarta kaɗan. In ka ce "az kuru, az pilav" za a zuba maka rabin faranti na wake da rabi na shinkafa, kuɗin ma ya ragu. Da haka za ka ɗanɗana abu uku ko huɗu a zama ɗaya, maimakon ka cika faranti da abin da ba ka sani ba ka bar shi. Ba abin kunya ba ne, haka 'yan gari suke oda.

Ga abin da zan ce ka fara da shi. Mercimek çorbası shurbar adas ce, wani ɗan mitsitsin wake, an niƙe ta sumul, ana kawo ta da yankan lemun tsami. Matse lemun, barbaɗa barkono, tsoma burodi. In an ce maka ezogelin, ita ce 'yar'uwarta mai tumatir da na'ana'a da ɗan yaji, kuma ta fi dacewa da harshenmu. Daga nan sai kuru fasulye, farin wake da aka dafa da man shanu da tumatir har ya yi laushi bai fashe ba. Ana cinsa da shinkafa, da ɗanyar albasa, da ƙananan barkono tsamamme da ke cikin kwalba a kan tebur. Barkonon nan yana da zafi na gaske, shi ne maganin mai cewa abincinsu lami ne.

Mai son nama ya nemi tas kebabı, gutsattsarin nama a romon tumatir, ko haşlama, naman rago da aka dafa da dankali da karas har yana saɓulewa daga ƙashi. İzmir köfte dunƙulen niƙaƙƙen nama ne da dankali da aka gasa a tanda. Karnıyarık dogon yalo ne baƙi, an tsaga cikinsa an cusa niƙaƙƙen nama. In ka ga bamya, kuɓewa ce, amma kada ka sa ran yauƙi: ƙananan 'ya'ya suke zaɓa, su dafa su ɗungurungum da tumatir da lemun tsami don su kashe yauƙin. Da farko za ta zo maka baƙuwa, a cokali na uku za ka fahimci abin da suke nufi. Tukwanen da aka ware gefe guda, masu ganye da wake ɗanye, su ake kira zeytinyağlı. Da man zaitun aka dafa su kuma da sanyinsu ake ci, don haka kada ka ce a ɗumama.

Abin sha shi ne ayran, kindirmo da ruwa da gishiri. Gishiri fa, ba sukari ba. Na sha ganin 'yan'uwa sun kurɓa sun ajiye don bakinsu ya shirya wa zaƙi. In ka san da gishirin tun farko za ka ji yadda yake wanke maiƙo. Ruwa kuwa na roba za a ajiye maka kuma ana lissafa shi, burodi ne a irin waɗannan gidaje ba a cika caji ba.

Maganar yaji. Ɗan kwanon da ke kan tebur pul biber ne, jan barkono dakakke mai sauƙin zafi. In akwai wani baƙi-baƙi mai ƙanshin hayaƙi, isot ne na garin Urfa. A gidan gashi, Adana kebap shi ne mai yaji, Urfa kebap marar yaji. Ba laifi ka taho da yajinka na gida a ƙaramar roba, ni ma ina goyon bayan haka, amma ka ɗanɗana abincin tukuna. Usta yana kallon farantinka daga inda yake, kuma mutumin da ya tashi tun asuba yana jiƙa wake ya cancanci a ji hannunsa kafin a rufe shi da yaji.

Da sassafe ko tsakar dare, nemi gidan da aka rubuta çorbacı ko işkembeci. Can ake kelle paça, farfesun kai da ƙafa, da işkembe na tumbi, ana zuba musu ruwan tafarnuwa da ruwan khal gwargwadon so. A sanyin Janairu babu abin da ya kai shi.

Mataki na huɗu: zama da mu'amala

In wuri ya cika za a haɗa ka tebur da wanda ba ka sani ba. Ka ce masa "afiyet olsun", wato a ci lafiya, ka zauna. Ana kiran mai kawo abinci abi, wato yaya, mace kuma abla. Kada ka tafa hannu ko ka yi masa "sss", suna jin haushin wannan sosai. Ɗaga hannu ya wadatar. Kuma in farantinka ya ƙare nan take za a ɗauke, ba korar ka ake yi ba, a wurinsu barin faranti mai datti a gaban baƙo gazawa ce.

Abin da ke sa cin abinci a garin nan ya zauna wa mutum a rai ba ya wuce yadda ake karɓarsa. Akwai wani ƙaramin gida a lungun bayan Laleli, tebur bai fi takwas ba, da wani ma'aikacin kago ya kai ni. Ran farko na nemi ƙarin barkono. Washegari ina zama, kafin in buɗe baki, yaron ya dire mini kwalbar barkonon da ƙarin albasa, ya dafa ƙirji ya wuce. Da na tsaya ina duban wata tukunya da ban gane ba, sai dattijon ya ɗebo kaɗan a ɗan faranti, ya miƙo ta saman gilashi, ya tsaya yana kallon fuskata har na haɗiye. Da na gama aka kawo shayi a ƙaramin kofin gilashi mai siririn ƙugu, da ƙwayar sukari biyu a gefe. Na nemi a sa a lissafi, ya girgiza kai ya ce "ikram". Kyautar gida ke nan, kuma ba a ja-in-ja a kanta.

Saboda haka in ka sami gidan da ya yi maka, ka koma. Gara ka ci a gida ɗaya kwana uku a jere da ka zaga gida goma kana baƙo a kowanne. In za ka fita, ka tsaya gaban usta ka ce "elinize sağlık", addu'a ce ta Allah ya ba hannunka lafiya, ita ake yi wa wanda ya yi girki. A bakin ƙofa wani zai iya zuba maka kolonya a tafin hannu, turaren lemun tsami ne mai sinadarin alkohol. In ba ka so, dafa ƙirji ka ce "sağ ol", ba wanda zai ji komai.

Mataki na biyar: halal da giya

Nama ba abin damuwa ba ne a gidajen da nake magana, na shanu ne da na tumaki da kaji. Naman alade sunansa domuz, kuma da wuya ka gamu da shi sai a wasu manyan otal ko kantunan baƙi. Giya ce abin lura. Wurin da aka rubuta meyhane gidan sha ne da ake haɗawa da abinci, rakı kuma barasa ce da ke komawa fara in an zuba mata ruwa, kada ka ɗauke ta ayran. Dandalin gidajen kifi na Kumkapı, wanda ke gangaren Laleli, yawancinsa irin wannan ne. In kana shakka, tambayi "içkisiz mi?", wato ba a sayar da giya? Esnaf lokantası dai kusan duk babu. Mai son wuri na alfarma da zai kai iyali ko abokin ciniki, akwai Hacı Abdullah a Beyoğlu, wanda tarihinsa ya koma 1888, girkin Daular Usmaniyya yake yi kuma ba a shan giya a ciki.

Mataki na shida: kuɗi

Ba zan kawo farashi ba, domin darajar lira tana sauyawa kuma abin da ka biya bara ba shi za ka biya bana ba. Abin da ba ya sauyawa shi ne hanyoyin da lissafi ke kumbura.

Tun 1 ga Janairun 2024 doka ta wajabta wa gidajen abinci su kafa jerin farashi a bakin ƙofa, su kuma ajiye a kan tebur. Inda ba ka ga farashi ba, juya. Inda aka ba ka takarda ba lambobi, nemi mai lambobi.

Kifi ne babban tarko, don a gidajen zama da kilo ake sayar da babba. Ka sa a auna a gabanka, a faɗi kuɗin, in da hali a rubuta, sannan a ɗora a wuta. Ka kuma san cewa daga 15 ga Afrilu zuwa 1 ga Satumba an hana manyan jirage kamun kifi, saboda haka a watannin zafi abin da ya fi yawa shi ne levrek da çupra na kiwo. Palamut da lüfer na kaka ne, hamsi na hunturu. Wanda ya ce maka sabon kamu ne a Yuli kuma ya ɗora kuɗi a kan haka, ka yi hattara.

Na biyu, ƙananan farantai. A gidajen baƙi kana zama za a fara jera salak da cuku da miyar barkono ba ka nema ba. A gidan kebab na gaskiya wasunsu kyauta ne, a wani wurin kowanne da kuɗinsa. Nuna ka ce "ikram mı?" In ba kyauta ba ne kuma ba ka so, a ɗauke tun ba ka taɓa ba. In lissafi ya zo, bi shi layi-layi, ka duba ko an ƙara wani abu da sunan kuver ko servis, wato kuɗin tebur ko na hidima, ka nemi bayani. In da kati za ka biya, ka kalli lambar da ke kan na'ura kafin ka danna, kuma in ta ba ka zaɓi tsakanin lira da dala, zaɓi lira. Wanda aka zalunta yana iya sa mai shagon da yake sari ya kira masa 175, layin koken masu sayayya.

Na uku ya fi muni, kuma matasa ya fi kamawa. A wajen Taksim da titin İstiklal wani mai fara'a zai tare ka da hira, ya ce shi ma baƙo ne, ya ja ka wani wuri a sha wani abu. Ƙarshenta lissafi ne na fitar hankali da ƙarti a bakin ƙofa. Duk wanda ka haɗu da shi a titi ya zaɓa maka wurin zama, ka ba shi haƙuri ka wuce.

Tukwici a gidan zama kamar kashi 10 cikin 100 ne in ka ji daɗin hidima. A esnaf lokantası ka bar canjin, ko ka jefa wani abu a akwatin da ke wurin biya.

Mataki na bakwai: ware yini guda don ciki

In ka gama sari ka miƙa kaya kago, kada ka kwanta a otal kana jiran jirgi. Daga Laleli ka hau tudu ta gefen jami'a zuwa masallacin Süleymaniye, wanda shahararren magini Mimar Sinan ya gina tsakanin 1550 da 1557. Daura da shi akwai jerin gidajen wake, cikinsu har da Erzincanlı Ali Baba da ke nan tun 1924. Ka yi azahar a masallacin, ka fito ka ci wake da shinkafa a teburin waje, sannan ka zaga bayan masallacin ka kalli teku.

Mai son nama kuwa, wurinsa Kadınlar Pazarı a Fatih, gindin tsohuwar gadar ruwan nan ta Rumawa da ke tsaye tun ƙarni na 4. Daga Aksaray da ƙafa ma ana zuwa. Mutanen garin Siirt da maƙwabtansu na kudu maso gabashin Turkiyya ne suka riƙe wurin, ga mahauta, ga masu zuma da cuku. Abin da ake zuwa ci shi ne büryan: ana rataye rago a cikin rami mai zurfi da garwashi a ƙasa, a rufe bakin ramin ruf, ya gasu da turirinsa. Sai a yanka a kan gurasa, maiƙon ya jiƙa ta. Za a tambaye ka kemikli ko kemiksiz, mai ƙashi ko marar ƙashi. Ɗauki mai ƙashi, ka ci da hannu, ba wanda zai kalle ka. Gishiri kawai ke jikinsa, kuma a nan yajinka na gida zai yi rana. Ka je da rana, don na farkon fitowa ya fi. A ganina duk Bahaushen da ya zo Istanbul bai ci wannan ba, an yi ba shi.

A Sultanahmet, inda baƙi suka yi yawa, akwai gida guda da ya cancanci layi: Tarihi Sultanahmet Köftecisi na Selim Usta a titin Divanyolu, tun 1920. Maƙwabta masu kama da sunansa suna da yawa, don haka duba shekarar a allo. Köfte ne da salak ɗin wake da ake kira piyaz, sai alewar irmik, wato ta tsakin alkama. A Sirkeci kuma ka shiga lungun Hocapaşa, ƙananan gidaje ne a jere, akwai masu cağ kebabı na garin Erzurum, naman rago da ake juyawa a kwance a gaban itace ana yanko shi a tsinke. Za su yi ta kawowa har sai ka ce ya isa, kuma da tsinke ake ƙirga kuɗin.

Balık ekmek na Eminönü, kifi a cikin burodi da albasa, ka ci don zaman bakin ruwa da kallon gadar Galata. Kifin dai taitus ne, mafi yawansa daga Norway ake kawowa, kuma ka kula da ƙaya.

Daga nan hau jirgin ruwa ka tsallaka ɓangaren Asiya, tafiyar ba ta wuce minti 25 ba, ana sayar da shayi a ciki. A Üsküdar akwai Kanaat Lokantası tun 1933, esnaf lokantası ne da ya girma, kantar kayan zaƙinsa kaɗai abin tsayawa kallo ce. A kasuwar Kadıköy kuma akwai Çiya Sofrası na Musa Dağdeviren, mutumin da ya yi shekaru yana bin ƙauyukan Anatoliya, wato ɓangaren Turkiyya da ke Asiya, yana tattaro girke-girken da suka kusa ɓacewa. Za ka ga nama da aka dafa da 'ya'yan itace, da ganyayen da ko 'yan Istanbul ba duka suka sani ba. Kayan sanyi kai za ka zuba a auna farantin. Ya fi gidan lungu tsada, amma kuɗin yana cikin tukunya. In dare ya yi, jirgin ƙasa na Marmaray da ke bi ta ƙarƙashin teku zai dawo da kai Sirkeci daga Üsküdar cikin 'yan mintuna.

In kewar gida ta taso, a lungunan Aksaray da Kumkapı akwai gidajen abincin 'yan Afirka, na 'yan Najeriya da Senegal da Somaliya, wasu a saman bene ba ko allo. 'Yan kago sun san su. Akwai kuma na Siriyawa da yawa a Aksaray da Fatih, masu shinkafa da kaza irin wadda alhazai suka saba da ita. Wanda ya zo da azumi ya kama tebur tun kafin magariba, ya kuma bi layin gidan burodi ya sayi Ramazan pidesi da zafinta, gurasar da sai a watan ake yi. In ka ga an rubuta "askıda ekmek" a gidan burodi, kana iya biyan kuɗin ƙarin burodi ɗaya ko biyu a ajiye, mabuƙaci ya zo ya karɓa ba tare da ya san wanda ya biya ba.

Tsaraba kuwa sai ranar tafiya. Karaköy Güllüoğlu, da ke aiki tun 1949, da Hafız Mustafa na 1864, duk da kilo suke sayar da baklava, kayan zaƙin nan na fulawa mai hawa-hawa, kuma suna ɗaure ta don tafiya. Ka ce kuru baklava kake so, ita ce marar kirim a ciki, ta fi jure hanya da zafinmu. Ka sa kwalin a kwance a jakar hannu, kada ka ɗora masa kaya. In ka isa gida kada a sa ta a firji, sukarin zai daskare ta yi tauri. A ajiye ta a inuwa a rufe, a cinye cikin mako.